BABI NA HUƊU: Tarken Ra'ayoyin Manazarta Kan Karkatar Siyasa da Fitowa Zaɓe a Ƙasar Zango

4.0 Shimfiɗa

A wannan babi an yi ƙoƙarin auna manyan ra'ayoyi guda uku da manazarta da masu sharhi suka saba kawowa a duk lokacin da ake zancen siyasar mutanen karkara a ƙasar Daura, musamman yankin Zango. Ra'ayi na farko shi ne mai cewa talakan ƙauye ba shi da zaɓi sai wanda sarakuna suka nuna masa. Na biyu shi ne wanda ya ginu a kan abin da ido yake gani a dandalin gangamin jam'iyyu. Na uku kuwa shi ne mai cewa mutanen wannan yanki ɗan gida kawai suke bi.

Kafin a shiga ciki, ya kamata a bambance abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Karkatar siyasa ita ce ɓangaren da zuciyar mutum ta kwanta da shi, watau jam'iyya ko ɗan takarar da yake so. Fitowa zaɓe kuwa ita ce mutum ya bar abin da yake yi ran zaɓe, ya taka zuwa rumfa, ya bi layi, ya jefa ƙuri'arsa. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, ra'ayoyin nan uku duk sun duƙufa ne wajen amsa tambayar wa ake so, suka yi sakaci da tambayar wa ya fito, alhali a karkara irin ta Zango tambaya ta biyu ce take yanke hukuncin zaɓe sau da yawa.

4.1 Dalilin Zaɓen Zango

Zango ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina, tana cikin Masarautar Daura, tana kuma iyaka da Jamhuriyar Nijar. Tana da mazaɓu goma, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane sama da dubu 150, waɗanda akasarinsu manoman gero da dawa da wake da gyaɗa ne, tare da makiyaya da masu fatauci a kasuwannin kan iyaka.

Ta fuskar tarihi, Zango ba ƙauye ba ne kamar kowane ƙauye. Bayan da jihadi ya kawar da Sarkin Daura Abdu, wanda aka fi sani da Sarkin Gwari, a farkon ƙarni na 19, zuriyar sarakunan Haɓe sun kafa mazauninsu a Zango, wani reshe kuma ya zauna a Baure, yayin da Fulani suke riƙe da birnin Daura. Smith (1978) ya yi bayanin waɗannan dauloli uku dalla-dalla. A shekarar 1906 Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi kan gadon Daura, kuma zuriyarsa ce take sarauta har yau, daga Sarki Abdurrahman zuwa Sarki Muhammadu Bashar zuwa Sarki Umar Faruk Umar wanda ya hau a 2007. Ke nan idan akwai wurin da ya kamata ra'ayin biyayya ga sarauta ya tabbata, to Zango ce. Wannan ya sa ta zama ma'auni mai kyau.

4.2 Ra'ayin Biyayya ga Sarauta

Wannan ra'ayi ya samo tushe ne daga ayyukan da aka yi a kan siyasar Jamhuriya ta Farko, irin su Dudley (1968) da Whitaker (1970), waɗanda suka nuna yadda jam'iyyar NPC ta jingina da tsarin En'e. A wancan zamani sarki ne yake riƙe da alƙalai da 'yan doka da gidan yari, hakimi da dagaci da mai unguwa su ne masu karɓar haraji da jangali, kuma sai da izinin hukuma ake yin lacca. Saboda haka talakan da ya fito fili ya ce shi ɗan NEPU ne, ya san abin da ya saya wa kansa. Haka nan Birniwa (1987), da ya kwatanta waƙoƙin NPC da NPN da na NEPU da PRP, ya nuna yadda mawaƙa suka raba fagen gida biyu, watau 'yan mazan jiya da 'yan neman sauyi.

Babu mai musun ingancin waɗannan ayyuka a kan zamanin da suka yi magana a kansa. Kuskuren ya zo ne daga waɗanda suka ɗauki hukuncinsu suka shimfiɗa shi a kan kowane zamani. Akwai dalilai biyu da suke rage wa ra'ayin ƙarfi.

Na farko, ikon da ya sa ake tsoron sarakuna ya bar hannunsu. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da mulkin yau da kullum ga shugabannin ƙananan hukumomi. Abin da ya rage wa dagaci shi ne girma da jin magana, amma ba ɗauri ba.

Na biyu, zaɓen 1979 da kansa ya nuna cewa talakan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ƙasar Daura take ciki a lokacin, yana iya raba ƙafa. A wannan zaɓe Alhaji Balarabe Musa na PRP ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN a takarar gwamna, alhali NPN ce ta sami rinjaye a majalisar dokokin jihar, rinjayen da ta yi amfani da shi ta tsige gwamnan a watan Yuni na 1981. Mutanen da suka bai wa jam'iyya ɗaya majalisa suka bai wa wata gidan gwamnati ba za a ce umurni ɗaya suke bi ido rufe ba. Alƙawarin soke haraji da jangali, wanda gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka cika, magana ce da ta shafi aljihun manomi da makiyayi kai tsaye, ba sai wani ya fassara masa ba.

Wani abin lura kuma shi ne, ko a zamanin NPC ɗin ma ra'ayin ya yi magana ne a kan rabin jama'a kawai, domin matan Arewa ba su yi zaɓe a 1959 da 1964 ba. Sai a 1976 suka sami wannan 'yanci, suka kuma yi amfani da shi a babban zaɓe karo na farko a 1979.

4.3 Aikin Miles a 'Yardaje

Aikin da ya fi kowane kusanci da wannan nazari shi ne na William Miles, wani Ba'amurke mai jin Hausa, wanda ya taɓa zama a Magariya ta Nijar daga 1977 zuwa 1979, daga baya ya zauna a 'Yardaje, wadda yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Zango, a lokacin zaɓen 1983. Daga wannan zama ya fitar da littafinsa na 1988 a kan zaɓen Nijeriya ta fuskar mutanen karkara, da maƙalarsa ta 1989 wadda ta kalli taron gangamin siyasa a matsayin buki mai tsari irin na wasan kwaikwayo. A 1994 kuma ya buga littafin da ya kwatanta 'Yardaje da Yekuwa, ƙauyuka biyu na Hausawa maƙwabta da iyakar Turawa ta raba.

Wajibi ne a yaba wa wannan aiki. A lokacin da akasarin masu rubutu a kan zaɓen 1983 suke Ikko da Kaduna suna harhaɗa alƙaluman hukumar FEDECO, shi ƙauye ya shiga ya zauna, ya saurari mutane da harshensu. Wannan ya sa ya ɗauki mutumin karkara a matsayin mai hankali da ra'ayi. Duk da haka, akwai gurabe uku da ya kamata mai karatu ya yi hattara kafin ya ɗora hukunci a kan aikin.

Na ɗaya, ƙauye ɗaya ne da zaɓe ɗaya. Shekarar 1983 kuwa ba shekara ba ce da za a auna ƙarfin 'yan neman sauyi da ita. PRP ta riga ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, an tsige gwamnanta na Kaduna, Malam Aminu Kano kuma ya rasu ran 17 ga Afrilu, wata huɗu kafin zaɓe. Hoton da aka ɗauka a irin wannan hali hoto ne na gaskiya, amma na gida ne da aka yi wa rasuwa.

Na biyu, hanyar zama cikin jama'a tana kai manazarci ne inda ake taruwa, watau dandali da kasuwa da zaure da majalisar ƙofar gida. Manazarci namiji, baƙo, iyakarsa zaure. Matan aure da suke cikin gida, waɗanda a 1983 karo na biyu ke nan da suke babban zaɓe, muryarsu ba ta fitowa ta wannan hanya yadda ta maza take fitowa.

Na uku, wanda shi ne mafi muhimmanci ga wannan nazari, gangami da ƙuri'a abubuwa ne daban. Mutumin ƙauye yana zuwa gangami don kiɗa da kallo, don abin da za a raba, don kada a ce ya ƙi baƙo, ko don maigidansa ya gan shi. Mutum ɗaya yana iya halartar taron jam'iyyu uku a mako guda. Hausawa na cewa taron tsintsiya ba shara. Cikar dandali tana nuna wanda yake da kuɗi da makaɗa, amma ba ta faɗin yawan waɗanda za su tsaya a layi ran zaɓe.

4.4 Ra'ayin Ɗan Gida

Ra'ayi na uku ya yi ƙarfi ne tun daga 2003, lokacin da Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya soma takarar shugaban ƙasa. Masu wannan ra'ayi suna da hujja a hannu. A sakamakon da hukumar INEC ta bayyana na Jihar Katsina, Buhari ya sami ƙuri'a 1,163,919 a 2011, da 1,345,441 a 2015, da 1,232,133 a 2019. Babu shakka son na gida yana cikin abin da ya jawo wannan.

Sai dai idan aka ƙara duba alƙaluman za a ga abin da ra'ayin ya kasa bayyanawa. A 2011 jihar ta zaɓi Buhari na CPC, bayan kwana goma kuma ta sake zaɓen Ibrahim Shema na PDP a matsayin gwamna. A 2015 ƙuri'un PDP a zaɓen shugaban ƙasa 98,937 ne, amma a 2019 sun kai 308,056, alhali ɗan gidan yana kan mulki. Watau ƙuri'unsa sun ragu da fiye da dubu ɗari, na abokan hamayya sun ninka sau uku.

Zaɓen 2023, wanda babu ɗan jihar cikin manyan 'yan takarar shugaban ƙasa, shi ya fi fito da batun fili. Ran 25 ga Fabrairu Atiku Abubakar na PDP ya sami 489,045, Bola Tinubu na APC ya sami 482,283, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya sami 69,386. A wannan rana ɗaya kuma APC ta lashe kujerun sanata uku na jihar, ciki har da ta shiyyar Daura, wadda Nasiru Sani Zangon Daura ya ci bayan ya wakilci mazaɓar Zango da Baure a Majalisar Wakilai. Wannan raba ƙafa ce irin ta 1979. Bayan mako uku, ran 18 ga Maris, Dikko Umaru Radda na APC ya sami 859,892 a zaɓen gwamna, Yakubu Lado na PDP ya sami 486,620.

A nan ne bambancin karkata da fitowa ya bayyana. Ƙuri'un PDP kusan ba su motsa ba tsakanin zaɓukan biyu, ragin bai kai dubu uku ba. Na APC kuwa sun ƙaru da 377,609. Ko da an ɗauka duk wanda ya zaɓi Kwankwaso ya koma APC, akwai sauran ƙuri'a sama da dubu ɗari uku da ba su shiga akwati a watan Fabrairu ba suka shiga a watan Maris. Waɗannan alƙaluma na jiha ne baki ɗaya, amma jiha ce da mafi yawan mazaɓunta na karkara ne irin na Zango. Darasinsu shi ne, tazarar da ta bai wa PDP jihar a Fabrairu ƙuri'a 6,762 ce kacal, waɗanda suka zauna gida kuwa sun ninka wannan adadi fiye da sau arba'in. Mai rajista sama da miliyan uku da rabi, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ra'ayin ɗan gida ba shi da abin cewa a kan waɗannan mutane.

4.5 Abubuwan da Ra'ayoyin Suka Tsallake

Idan aka amince cewa fitowa batu ne mai zaman kansa, to akwai abubuwa huɗu da ya kamata a sa a sikeli.

Na farko shi ne lokacin zaɓe. Zaɓukan tarayya na 1959 da 1964 a watan Disamba aka yi su, bayan an kai amfanin gona gida. Na shugaban ƙasa a 1979 da 1983 kuwa a watan Agusta aka yi, tsakiyar damina, lokacin da manomi yake fama da maimai da huɗa, rumbu ya yi ƙasa, yini ɗaya a layi kuma asara ce a gona. Daga 1999 zuwa 2023 an mayar da zaɓe tsakanin Fabrairu da Afrilu, watau tsakiyar rani, lokacin da majiya ƙarfi da yawa sun tafi cin rani Kano da Abuja da Ikko da sauran garuruwa. Tun da doka ta ce mutum zai yi zaɓe ne a rumfar da ya yi rajista, ɗan cin rani sai ya biya kuɗin mota zuwa da komawa kafin ya jefa ƙuri'a ɗaya. Rashin zuwansa ba ya nufin ba shi da wanda yake so.

Na biyu shi ne rajista. Ana auna fitowa ne da yawan sunayen da suke cikin rajista, rajistar kuwa ba kullum take da tsabta ba. Ta FEDECO ta tashi daga kimanin miliyan 48 a 1979 zuwa miliyan 65 a 1983, abin da ya jawo zargin cushe. Haka nan fitowa a faɗin ƙasa ta sauko daga kimanin kashi 69 cikin ɗari a 2003 zuwa kashi 44 a 2015, da 35 a 2019, da 27 a 2023. Wani ɓangare na wannan ragi gajiyar jama'a ce, wani ɓangaren kuma na'urar tantance masu zaɓe ce, wadda aka shigo da ita a 2015 aka sabunta a 2023, ta rage damar aringizo. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa da kansa ya amince cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da tangarɗa. Saboda haka kuskure ne a jera alƙaluman da da na yanzu kamar da mudu ɗaya aka auna su.

Na uku shi ne tsarin jefa ƙuri'ar da nisan rumfa. Zaɓen gwamna na Disamba 1991, wanda Alhaji Sa'idu Barda na NRC ya kayar da Umaru Musa 'Yar'aduwa na SDP, an yi shi ne bisa tsarin ƙato bayan ƙato. A ƙauyen da kowa ya san kowa, tsayawa bayan hoton ɗan takara a gaban maigida da surukai abu ne mai nauyi, musamman ga mace da bara. Ta fuskar nisa kuwa, rumfunan zaɓen da aka kafa a 1996 su aka yi ta amfani da su har 2021, lokacin da INEC ta ƙara yawansu daga 119,974 zuwa 176,846. Shekara 25 ke nan mazauna rugage da ƙananan unguwannin da suka kafu daga baya suna tafiya zuwa inda rumfa take.

Na huɗu shi ne halin aljihu. Rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya taɓa yankin da kasuwancinsa da zumuncinsa suke haɗe da Nijar. Zaɓen Fabrairu 2023 kuma ya zo ne a tsakiyar ƙarancin takardun kuɗi da canjin naira ya haifar, abin da ya fi ƙuntata wa mutanen karkara da ba su da banki kusa. Sai bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris tsofaffin takardun suka soma komawa hannun jama'a, kafin zaɓen gwamna. Mutumin da ransa ya ɓaci da jam'iyyar da yake so ba lalle ne ya koma wata ba. Sau da yawa zamansa yake yi a gida, zaman kuma shi ne jawabinsa.

4.6 Naɗewa

Daga abin da ya gabata an ga cewa kowane ɗaya daga cikin ra'ayoyin nan uku yana da gaskiyarsa a muhallinsa. Na biyayya ga sarauta ya dace da zamanin En'e. Aikin Miles ya adana muryar 'Yardaje ta 1983 wadda da ta ɓace. Na ɗan gida ya bayyana wani ɓangare na abin da ya faru daga 2003 zuwa 2019. Rauninsu ɗaya ne, watau sun ƙidaya waɗanda suka zo dandali da waɗanda suka zo rumfa, suka ɗauke su a matsayin jama'a duka.

Wannan rauni ba na takarda ba ne kawai. Ɗan siyasar da ya yarda cewa ƙuri'ar Zango tana hannun dagaci ko tana bin ɗan gida, ba shi da dalilin kai rijiya ko taki ko makaranta, sai dai ya nemi wanda zai yi masa magana da jama'a. Bayan rasuwar Buhari ran 13 ga Yuli 2025, ra'ayin ɗan gida ya rasa ginshiƙin da ya jingina da shi. Saboda haka ana ba da shawarar duk nazarin da za a yi nan gaba ya sauka zuwa matakin mazaɓa da rumfa, ya raba ƙidayar maza da ta mata, ya kuma tambayi waɗanda ba su fito ba abin da ya hana su.